Ranar da Na Sa Rasuwar Yaya a Dandali

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, na koma gyaran keken ɗinki, kuma shi nake yi har yau a wata rumfa gefen Babbar Kasuwa. Na faɗi wannan tun farko don kada wani mai digiri ya karanta ya ce jahilci ne ya hana ni gane na'urarsu. Na gane ta sarai. Wanda ya shekara talatin yana kwance inji yana ɗaurawa ya san abin da aka ƙera don hannun mutum, ya kuma san wanda aka ƙera don a nuna wa abokai a yi ta kaɗa kai.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, gishiri da kanwa yake sayarwa. Amma ba da wannan aka san shi ba a unguwarmu ta bayan Gobarau. Shi ne mai kai labarin mutuwa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyan shi. Da an yi rasuwa sai ya rufe gishirinshi da buhu, ya hau keke, ya bi gidajen 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka samu duniya suka koma Kambarawa da sauran sababbin unguwanni. Yana da yadda yake yi. Ya yi sallama, a fito, a gaisa sosai, ya tambayi iyali da aiki da gajiya. Sannan ya ce wane fa jiki ya matsa. Ya ɗan dakata mai gida ya shirya zuciyarshi. Sannan ya faɗa. Ban taɓa jin ya watsa wa mutum mutuwa a fuska ba. A wurinshi muka koya, mu duka.

Allah bai ba shi haihuwa ba. Wata rana, lokacin da ciwon ƙafa ya fara taɓa shi, muna zaune a zaure ya ce mini:

"Kai, ni da ba ni da ɗa, ranar tawa wa zai yi mini yawo?"

"Ni mana, Yaya."

"Kai da ko gaisuwar surukai sai an kora ka."

"To ka jira ka gani."

"Ai ba zan gani ba," ya ce yana dariya. "Ni dai ka tara mini mutane. Ba na son komai. In an tsaya a kaina, sahu ya yi tsawo."

Ke nan. Ba gida ya bar mini wasiyya a kai ba, ba gona ba. Mutane kawai.

'Yan asalin unguwar muna da ƙungiya. Ciyaman ɗinmu wani Alhaji ne ɗan kwangila, rabin shekara yana Abuja. Da muna da guruf a waya, irin wanda kowa ke da shi. Hayaniya ce, ban musa ba: wannan ya turo wa'azi, wancan ya turo maganin basir, wani ya danna ya yi ta magana minti biyar akuya na kuka a bayanshi. Amma in ka yi magana ana jin ka. Sai ga surukin ciyaman, wanda kowa ke ce wa Injiniya, mutum ne da ya haura talatin da biyar, mai gilashi da agogon da ke ƙirga mashi taku. Ya zo taron bayan Sallah da kwamfuta a hammata. Ya ce guruf ɗin nan bola ne, magana mai amfani na ɓacewa a ciki. Ya ce ya gina mana dandali namu na kanmu a intanet, irin na ƙasashen da suka ci gaba, inda kowace magana ke da mazauninta kuma ba ta ɓata har abada. Ya faɗi har abada sau uku.

Aka ɗaga hannu aka rufe guruf. Ni ma na ɗaga, don kada a ce ɗan aji biyu ne ya ƙi ci gaba. Ciyaman ya juya wajen Yaya ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Daga yau ka huta, waya ta karɓe ka." Aka tafa. Yaya ya yi murmushi ya ce to madalla.

Bari in faɗi yadda abin yake, don wanda bai gani ba.

Kafin ka shiga sai ka yi rajista, kuma sai da lambar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi da lamba da wata alama kamar ƙugiya. Limaminmu ya gwada sau shida ya ajiye wayar ya ce ko karatun gado bai wahalar da shi haka ba. In ka samu ka shiga, rubutun toka-toka ne a kan fari, ƙanana kamar ƙwan ƙuma. A cikin ɗaki mai sanyi inda aka ƙera shi wataƙila yana karantuwa. A rumfata, da rana tsaka, sai na lulluɓe kai da riga. Ba wurin tura murya, wai murya ba ta bincikuwa. Rabin dattawanmu da baki suke rubutu, a ranar aka sallame su ba tare da an faɗa masu ba.

An raba shi zaure-zaure, har goma sha biyu: na siyasa, na addini, na kasuwanci, na ƙwallo, na hira, na sanarwa, har da na yawon buɗe ido, a unguwar da mafi yawanmu iyakarmu Jibiya. In ka ba mutum amsa, rubutunka ya matsa dama kaɗan. Wani ya amsa maka, nashi ya ƙara matsawa. Kafin a yi musu biyar magana ta maƙale a bango tana saukowa kalma ɗaya ɗaya kamar ɗigon rufi. Kuma na'urar na raba muƙami da yawan surutu. Wani ɗan acaɓa da ba ya rufe baki ya wayi gari an rubuta Dattijo a ƙarƙashin sunanshi, da taurari huɗu. Liman kuwa, da daga baya aka shigar da shi, Sabon Shiga.

Duk wannan abin dariya ne. Biyu ne ba na dariya ba.

Na farko, in za ka fara magana akwai akwati biyu: ƙarami a sama an rubuta kan magana, babba a ƙasa. A shafin gaba, abin da ka sa a ƙaramin kawai ake gani. To mutumin Katsina, ka ba shi wuri ka ce ya fara magana da jama'a, da me zai fara? Da sallama. Sai ka buɗe shafi ka ga sallama, sallama, barkanku da war haka, sallama, tun daga sama har ƙasa, ba ka san ta mai neman aure ba, ba ka san ta mai cigiyar tunkiya ba. Injiniya ya yi ta faɗa cewa ba haka ake yi ba. Wata takwas yana faɗa. Bai taɓa zama ya ce, tunda mutum ɗari biyu sun yi kuskure iri ɗaya, anya ba akwatin ne da laifi ba? A sana'ata, in tela goma suka soke yatsa a wuri guda, ba telolin nake zagi ba, ƙarfen nake dubawa.

Na biyu, ƙarƙashin kowace magana akwai hoton babban yatsa a ɗage. Wadda aka fi danna wa yatsa ita ke hawa sama. Wadda ba a danna wa ba ta yi ta nitsewa, shafi na biyu, na uku, inda ba mai zuwa. Ya ce wannan shi ne adalci, jama'a ke zaɓen abin da ya fi muhimmanci.

Yaya ya rasu ranar Talata da hantsi, wajen ƙarfe goma. Ina rumfa matarshi ta aiko, kafin in iso ya cika. Liman ya ce a yi bayan la'asar, don na nesa su samu zuwa. Ina da awa shida ke nan.

Ba ɗa, ba wani ƙane sai ni. Wankan gawa na kaina, likkafani na kaina, maganar kabari na kaina. Babur ɗina na jingine a ƙofar gida da mai a ciki. Na tsaya a zaure na kira ciyaman.

Muka gaisa, na faɗa mashi. Ya yi salati, ya yi addu'a, ina jin ƙarar cokula a bayanshi.

"Alhaji, ina son a sanar da mutane."

"Ka sa a dandali, Malam. Minti ɗaya kowa ya gani. Ai don irin wannan ranar aka yi shi."

"Na taɓa gwada zauren sanarwa, ya ce ba ni da izini."

"E, na shugabanni ne. Sa a na hira, zan sa Injiniya ya ɗauko ta. Ina cikin mitin ne, ka yi haƙuri. Allah ya jiƙan shi."

Na zauna a dakalin zaure, gawar yayana na ciki an rufe da zane, ina neman babban baƙi da ƙugiya. Sau uku yana ce mini lambar ba daidai ba. Da na shiga, ga ƙaramin akwati. Na san abin da Injiniya ke faɗa, ba mantawa na yi ba. Na ma fara rubuta kalmar rasuwa, na tsaya ina kallonta ita kaɗai tsirara a saman shafi. A cikin waɗanda za su buɗe akwai abokinshi na ƙuruciya mai hawan jini. Akwai tsofaffin da suka yi makarantar allo tare. Mutumin da ya shekara talatin bai taɓa faɗa wa kowa mutuwa ba sai ya gaishe shi, ni in sanar da tashi kamar tallan gwanjo? Na goge. Na rubuta sallama.

A babban akwati na gaida jama'a, manya da ƙanana, na gida da na nesa. Na ce kamar yadda wasu suka sani Yaya ya kwana biyu yana fama. Na ce yau da safe jiki ya matsa. Sannan na faɗa, na sa lokaci da wuri. Na tura. Wani ɗan koren rubutu ya fito ya ce an yi nasara.

Na sa wayar a aljihu na shiga wanka da zuciya ɗaya. Na kira mutum biyar ko shida da nake da lambarsu, biyu ba su ɗauka ba. Sauran na bar wa na'ura.

Da aka sallame la'asar aka fito da shi ƙofar gida, na duba titi hagu da dama. Unguwar yanzu rabinta 'yan haya ne da shaguna, ba su san ko wane ne ba, wasu dai sun tsaya don lada. Na ce wa liman a ɗan jira, mutanen Kambarawa na hanya. Aka jira. Rana na yin ƙasa, masu haƙa sun aiko sau biyu. Liman ya matso ya ce a hankali, "Malam, ba a ajiye gawa don mai zuwa." Ya dubi waɗanda ke wurin, ya raba mu sahu uku don a samu ukun. Na gaba mu shida ne. Na baya huɗu, ɗaya ma mai faci ne da ya bar taya a buɗe ya zo da baƙin hannu. Allah ya saka mashi. Mutumin da ya tara wa wasu jama'a har titi ya toshe, da an haɗa mu duka ba mu cika tsawon tabarma biyu ba.

Daga cikin 'yan ƙungiya, mutum ɗaya ne ya zo ta dalilin dandali, wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda ke karanta komai har ƙarshe don ba shi da abin yi. A hanyar dawowa daga maƙabarta na tambaye shi.

"Malam, kai kaɗai ka gani?"

"Da na buɗe an nuna mutum tara sun riga ni. Amma ka san yana yanke rubutu bayan layi uku, sai ka danna ci gaba. Layi ukunka duk gaisuwa ce. Sun ɗauka barka da hantsi kake yi."

"To kai da ka karanta, me ya hana ka tura ta sama?"

Ya tsaya ya dube ni. "Yatsana ya je wurin. Sai na ce subhanallahi, in ɗaga wa mutuwar bawan Allah yatsa? Matarshi ta ji an ce na yi murna? Na rubuta addu'a a ƙasa, na sa takalmi na taho."

Addu'a ba ta ɗaga magana a na'urar Injiniya. Yatsa kawai take ji. Da na duba da yamma, sanarwar na shafi na uku. A can sama, da yatsu sittin da wani abu, hoton sabon get ne da wani ya sa wa gidanshi, ana ta musu ko ruwan gwal ne ko ruwan ƙasa.

Washegari labari ya bazu da baki, yadda ya saba bazuwa. Motoci suka cika layi. Kowa ya sauko da carbi yana wallahi ban gani ba, wallahi ban ji ba. Na yarda da su, ban ce ƙarya suke ba. Abokin nan nashi mai hawan jini, wanda na yi wa kara, ya zauna a gefena yana kuka kamar yaro, yana cewa da ko da rarrafe ne da ya zo.

Ranar uku Injiniya ya zo. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ban rage mashi wannan ba. Da ya tashi ya tafi da mun rabu lafiya. Sai ya matso ya rage murya.

"Kawu, na duba abin da ya faru. Surukina ya turo mini saƙo, amma ina wani aiki, sai dare na gani. Sai dai gaskiya, da ka sa kan magana daidai, da ba a samu matsala ba. Akwai bayani a shafin taimako."

"Shafin me?"

"Taimako. Yana can ƙasa, in ka danna layuka ukun nan."

"Injiniya, a gidanku in an yi mutuwa, ta yaya ake faɗa wa kakarka?"

Ya gyara gilashi. "Ai wannan daban, Kawu. Wannan tsari ne. Duk duniya haka ake yi."

"Duk duniya ka gina wa, ko mu? Kai ɗan garin nan ne. A nan aka yanke maka cibiya. Wata takwas kana ganin mutane na sallama a akwatinka, ba ka ga komai ba sai jakuna. Ka taɓa zama kusa da liman ka ga yadda yake fama da shi? Ka taɓa fitowa rana ka karanta?"

"Mun yi gwaji sosai."

"Da wa?"

"Da abokan aikina."

Wani dattijo a gefe ya ce, "A yi haƙuri, Malam, zaman makoki ne." Injiniya ya ce in sha Allahu zai gyara, har ya fito da waya yana rubuta abin da na faɗa, yana kaɗa kai, wai shawara ce mai kyau. Yayana ne ya zama shawara mai kyau.

Ya kuwa gyara, a irin gyaranshi. A ranar ya ɗauko sanarwar ya kafe ta a saman shafi, ya canza mata kai da manyan baƙaƙe, har da lokacin jana'izar da aka yi kwana uku da suka wuce. Ya ƙara hoton hannu biyu a buɗe kusa da yatsan. Ya buɗe zaure na goma sha uku, na rasuwa. Ta'aziyya ta yi ta zuba, ta haura ɗari biyu, tana matsawa dama tana matsewa har ta koma harafi ɗaya ɗaya. Saboda yawan amsar da na samu, na'ura ta ƙara mini girma. Na wayi gari ni ma Dattijo ne. Bayan mako guda ta turo mini tambaya, wai na samu amsar da nake nema? In danna e ko a'a.

Matar Yaya na takaba a ɗakinta. Shekara talatin da wani abu muna wasan ƙanin miji da ita, ba ta taɓa raga mini ba, ni ma haka. Ranar bakwai na shiga gaishe ta, tana zaune a tabarma ta juya wa ƙofa gefe. Na zauna daga bakin ƙofa. Muka gaisa. Na fito da waya, don ciyaman ya roƙe ni in karanta mata saƙonnin, wai za ta ji sanyi.

"Mutane sun yi ta addu'a," na ce. "Sun fi ɗari biyu. In karanta maki?"

"Bar shi."

"Har na Kaduna da na Legas."

"Na ce bar shi. Ranar ina nan zaune, ina jin kabbara ta katanga. Shekara nawa ina jin jana'iza a ƙofar gidan nan, na san ƙarar mutane da yawa. Ba sai ka ƙirga mini ba."

Sai na fara. Na faɗa mata akwatin, da yatsan, da zauren da aka kulle, da ciyaman da cokulanshi, da Injiniya da shafin taimakonshi. Na daɗe ina yi, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba. Ta bar ni na gama.

"Babur ɗinka lahiya yake ranar?" ta ce.

"Lahiya lau."

"Da mai?"

"Da mai."

"Awa nawa ne daga nan zuwa Kambarawa?"

Na mayar da wayar aljihu. Ita ma ta san ba a awa.

"Wanka liman zai iya tsayawa a kai. Likkafani ko maƙwabci ya sayo. Abu guda ya roƙe ka, ina bayan ƙyauren nan na ji. Ban san Injiniya ba, ban san akwati ba. Kai ka ce mashi ni mana."

Na ce, "An ce mini minti ɗaya kowa zai gani."

"To," ta ce. Ta jawo carbinta. "Ka ja mini ƙofar in za ka tahi."

Na ja mata ƙofar.